Ciyawa a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Gindin Dutse,
8 ga Satumba, 2024

Ƙanwata Lizzy,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya Amurka, yaya jikin Baba? Mun ji an yi masa aikin ido lafiya, mun gode wa Allah. Mu nan muna lafiya, sai Olive matata da ta yi ɗan zazzaɓi, ta kuma tashi. Yara suna gaishe da kakansu.

Kin san sai a saman dutse muke samun sabis, shi ya sa nake hawa duk Lahadi in tura wa Baba hoton awakinsa. Amma doguwar magana ba ta tafiya a can. Zan ba Fasto wannan takarda ya ɗauki hotonta ya tura miki idan ya shiga Bukuru.

Ki karanta wa Baba wannan. Jar akuyarsa mai yankakken kunne ta haifi biyu, mace da namiji. Baƙar ta daina ɗingishi. Tsohon bunsurun yana nan da halinsa, ya fasa shingen maƙwabcinmu Kenneth ya cinye masa wake, sai da na je ba da haƙuri.

Wannan kuma naki ne, kada ki karanta masa. An shiga ƙauyen da ke hayin rafi a watan jiya, kin dai san abin da ake yi idan an shiga. Rabin 'yan ajina ba sa zuwa makaranta, iyayensu sun kwashe su. Na hana yarana fita kiwo, ni nake kai awakin da kaina idan na tashi daga aiki, kuma kullum ina waige. Olive tana so mu koma wurin wanta a Bukuru. Abin da ya riƙe ni awakin nan ne, don ba a ajiye garke a ɗakin haya, kuma na yi wa Baba alkawari zai dawo ya same su. Kin ce wata uku zai yi a wurinki. Ga damina tana ƙarewa. Yaushe zai dawo?

Wanki,
Chollom


Annandale, Virginia,
6 ga Oktoba, 2024

Yaya Chollom,

Na samu takardarka, na gode. Ina fata Olive ta ji sauƙi sarai. Ni lafiya, sai gajiyar asibiti. Idon Baba ya buɗe, yanzu yana ganin ƙurar da ke kan tagata har yana mini faɗa. Likita ya ce sai an yi wa ɗayan idon aiki bayan Kirsimeti, don haka zancen dawowa ba yanzu ba.

Ban taɓa faɗa maka yadda ya kasance a farko ba. Ba ya cin abinci sosai. Idan na fita aiki yana zaune a kujera, haka zan dawo in same shi. Tun rasuwar Mama ban gan shi haka ba.

To yanzu ya yi aboki. A gidan da ke ƙasan namu akwai wata mata, Dolkar, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Mutanen Tibet ne, can tsaunukan da ke tsakanin Sin da Indiya. Ubanta Wangdu yana wurinta, tsoho ne gajere, fuskarsa kamar busasshiyar fata. Baba ya kasa faɗin sunan, "Wando" yake cewa, sai da na hana shi. Yanzu "Abokina" yake ce masa. Tsohon ba ya jin Turanci, Baba ma haka. Wata Lahadi Baba yana zaune a benci yana kallon hoton da ka turo, tsohon ya leƙa, sai ya ƙwace wayar. Ya sa yatsa a kan cikin jar akuyar, ya ɗaga yatsu biyu. Lokacin ba ta haihu ba. Ka ga kuwa biyun ta haifa.

Tun ranar kullum suna tare. Da hannu suke hira, da kukan akuya. Idan Dolkar tana gida ita ke fassara mini, ni in fassara wa Baba. Ashe makiyayi ne tun kakanninsa. Ta ce ƙasarsu tana sama ƙwarai, har baƙo ba ya iya numfashi da kyau, ba itace ko ɗaya, sai ciyawa gajera da iska. Ba su da gida, tanti suke kafawa, baƙi, wanda matansu suka saƙa da gashin wata irin saniya mai dogon gashi da suke kira yak. Kashin dabbobi suke busarwa su hura wuta. Abincinsu garin sha'ir ne da shayi mai man shanu da gishiri. An ba Baba shayin, ya kurɓa, ya ce mini da Hausa, "Wannan ai miya ce." Amma ya shanye.

Awakinsu suna da wani lallausan gashi a ƙarƙashin na sama, idan sanyi ya wuce sai a taje shi da mataji a sayar. Dolkar ta ce da shi ake yin rigunan sanyin nan masu tsada da ke cikin manyan kantuna, waɗanda ita kanta ba ta taɓa sawa ba. Idan za su tatsi nono, sai su jera awakin layi biyu suna fuskantar juna, su ɗaure ƙahonnin da igiya ɗaya. Baba ya sa an maimaita masa wannan, ya ce shekara saba'in yana kokawa da akuya ɗaya ɗaya, ba wanda ya gaya masa. Lokacin haihuwarsu kuma cikin tsananin sanyi ne, sai makiyayi ya cusa ɗan akuyar cikin ƙirjin rigarsa ta fatar tunkiya, yana yawo da shi har ya bushe. Tsohon yana da rigar har yanzu, tana wari, ya hana a wanke.

Kansa ya ɗan fara juyawa. Wani lokaci yana tambayar Dolkar ko an shigar da awaki. Baba ne ke kama hannunsa su zaga filin ajiye motoci, ya dawo da shi.

Maganar da ka ce tawa ce ta hana ni barci. Yaya, Baba ya daina tambayar awakinsa kullum kamar da, hankalinsa ya kwanta a nan. Don Allah kada ka ƙara jefa kanka cikin haɗari saboda awakin nan. Ranka da na yara ya fi su.

Ƙanwarka,
Lizzy


Gindin Dutse,
10 ga Nuwamba, 2024

Ƙanwata Lizzy,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, mun fara yankan acca, amma da sauri ake yi, ba mai tsayawa a gona bayan la'asar. Ki gaishe da Baba, ki gaishe mini da abokinsa ko da bai san ni ba.

Na karanta maganarki ta ƙarshe, na sake karantawa, na ba Olive ita ma ta karanta. Kin sauke mini nauyi babba. Zan yi yadda kika ce.

Labarin mutanen nan ya shiga raina, har na ba 'yan ajina, waɗanda suka rage. Wata yarinya ta yi tambayar da na kasa amsawa. Ta ce idan ƙanƙara ta rufe ƙasa, kuma ba itacen da za a yanko ganye, me awakin suke ci? Ki tambayar mana.

Takardun nan za su iya jinkiri, Fasto bai cika fita ba yanzu.

Wanki,
Chollom


Annandale,
19 ga Janairu, 2025

Yaya Chollom,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kun yi Kirsimeti lafiya. Ban ji daga gare ka ba tun Nuwamba, amma na ce ai ka gaya mini za a samu jinkiri. An yi wa Baba aikin ido na biyu, ya yi kyau. Jikinsa lafiya. Sauran labarin ba daɗi.

Bari in fara da tambayar yarinyar nan, don na yi wa tsohon ita kafin Kirsimeti. Ya ce awakin da kansu suke tone ƙanƙarar da kofato su ci busasshiyar ciyawar da ke ƙasa. Amma akwai shekarar da take sauka da yawa, rana ta ɗan narka samanta, sanyi ya sake daskarar da ita ta zama kamar siminti. Kofato ba ya fasa ta. Ya ce irin wannan shekarar ce ta gama da shi. Shi da matarsa suka dinga fasa ƙanƙarar da duwatsu, suna tono ciyawa da hannu suna kai wa awakin a cikin riga. Awakin suka fara cin gashin junansu. Kullum da safe sai ya jawo matattu ya jibge bayan tanti, har kyarketai suka ƙoshi suka daina zuwa. Ya nuna mana hannunsa na dama, yatsu biyu guntaye ne, sanyin ne ya cinye su. Daga garke mai ɗaruruwa, abin da ya rage bai cika tantin ba. Daga baya aka ba su ɗaki na bulo a bakin titi tare da sauran makiyaya, aka ce su zauna. A ɗakin matarsa ta rasu. Dolkar ta daɗe da barin ƙasar, ta sha wahalar shekaru kafin ta samu aka fito mata da shi. Da na gama fassara wa Baba, sai ya riƙe hannun nan mai guntayen yatsu.

Farkon watan nan aka yi ƙanƙara mai yawa a nan, aka rufe makarantu da ofisoshi. Mu masu jinya ba a rufe mana, ni da Dolkar duk mun fita aikin safe. Ta kulle ƙofa kamar kullum, amma ta ciki ana iya buɗewa. Da hantsi tsohon ya hau ya buga wa Baba ƙofa, sanye da rigar fatar nan. Yana nuna waje, yana kiran awaki irin nasu. Baba ya gane. Ya sa rigar sanyi ya bi shi, da nufin su zaga ya dawo da shi kamar yadda ya saba. Amma tsohon bai yi wajen motoci ba, ya nufi dajin da ke bayan gidajenmu, inda ƙaramin rafi yake. Baba ya ce bai taɓa ganinsa da sauri haka ba. Shi kuma takalminsa yana santsi, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, ya bugu a gwiwa. Ya yi ta kiran "Abokina! Abokina!" har ya daina hango shi. Da rarrafe ya dawo. Ya kira ni, wayata tana kulle cikin lokar ajiye kaya a asibiti. Ya buga ƙofofin maƙwabta, wata mata ta buɗe, ba ta gane abin da yake faɗa ba, ta rufe. Sai da na fito hutun cin abinci na ga kiran.

Washegari 'yan sanda suka sami gawar tsohon a kan tudun da ke gefen babban titi, shi ne wuri mafi tsawo a unguwarmu. Yana zaune, ya jingina da bango. Ya tone ƙanƙarar da ke kewaye da shi da hannu. Ƙirjin rigarsa cike da busasshiyar ciyawa.

Dolkar ta hau gidanmu ranar. Ba ta zauna ba. Ta ce mini, "Ki tambaye shi me ya sa bai riƙe shi ba." Na ce ai ya faɗi, ga gwiwarsa. Ta ce, "Ki tambaye shi." Na tambaye shi. Baba ya ce, "Na riƙe shi a bakin ƙofa. Ya dube ni, sai na sake shi. Mutum ne zai je wurin dabbobinsa cikin masifa, da wane hannu zan riƙe shi?" Ban fassara mata haka ba, Yaya. Na ce mata ya fi ƙarfinsa ne.

Ƙona gawar aka yi. Baba ya razana da ya ji. Dolkar ta ce a can ƙasa ba ta tonuwa, itacen ƙonawa kuma babu, sai a kai mamaci kan dutse a bar wa ungulaye, don ko bayan mutuwa ya ciyar da wani abu mai rai. Ta ce abin da ya roƙe ta ke nan, ba ta da yadda za ta yi masa. Yanzu tana gaishe ni idan mun haɗu a matakala, amma ba ta kallon Baba.

Shekaranjiya yana cin abinci ya ajiye cokali ya ce, "Lizzy, idon ya warke. Ki mayar da ni wurin awakina tun ina gane su." Na ce masa gida ba lafiya. Ya ce ya sani, ba yaro ba ne, yana ganin fuskata idan na tsallake layi a takardarka. Na kasa ce masa a'a. Ka rubuto mini labarinsu duka, ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya safe da yamma. Ba sai ka hau dutse ba, rubutu ya isa.

Ƙanwarka,
Lizzy


Annandale,
9 ga Fabrairu, 2025

Yaya Chollom,

Ina fata kuna lafiya. Shirun ya yi yawa. Na kira lambar Fasto ba ta shiga. Na ga labarai a waya game da yankinmu, ba su ambaci sunan ƙauyuka ba. Don Allah ko layi ɗaya ne, ka nemi wanda zai turo.

Na sayi tikiti, Baba zai sauka Abuja ranar 22 ga Maris. Ya riga ya haɗa akwatinsa. Ya sa na kai shi kantin kayan dabbobi da ke wajen gari, ya sayi maganin tsutsar ciki da doguwar igiya, wai zai gwada ɗaurin ƙaho irin na abokinsa. Ya ce 'ya'yan jar akuyar yanzu sun isa yaye, ka raba su da uwar. Yana cin abinci, yana atisayen gwiwa. Tun da na ce masa zai tafi ya miƙe.

Ka amsa mini.

Lizzy


Bukuru,
27 ga Fabrairu, 2025

Ƙanwata Lizzy,

Gaisuwa. Muna da rai, dukanmu. Ki dubi inda na rubuta a sama. Muna Bukuru tun ƙarshen Nuwamba, a ɗaki ɗaya wurin wan Olive. An sace wayar Fasto, tawa kuma na sayar lokacin tashi. Sai da ya sake samun layinsa takardunki biyu suka iso hannuna rana ɗaya. Na yi mako ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Lizzy, babu awaki. Na sayar da su kafin mu taso.

Ke kika rubuta mini. Kin ce Baba ya daina tambayarsu, hankalinsa ya kwanta, kada in ƙara shiga haɗari saboda su. Takardar tana nan a hannuna. Sai da na ga ta Janairu, inda kika ce ba sai na hau dutse ba, na gane hawan dutsen ɗaukar hoto kike nufi. Amma ban tambaye ki ba. Na ce miki kawai zan yi yadda kika ce, don ina tsoron idan na fito fili za ki ce in jira. Ke ma ba ki tambaye ni me zan yi ba. Kin zauna can kina ba ni labarin awakin wata ƙasa, ni kuma ina kwana da takalmi a ƙafa.

Ki yafe mini wannan maganar, amma ba zan goge ta ba.

Lokacin kowa yana sayarwa, kasuwa ta cika, mahauta ne suka kwashi yawancinsu. Bunsurun ma su suka saya. Jar akuyar da 'ya'yanta wata mata ce daga wajen Vom ta saya, ta ce kiwo za ta yi. Ban san sunanta ba.

Ana saura kwanaki Kirsimeti aka shiga Gindin Dutse. Kenneth ya ƙi tashi saboda dabbobinsa. A gindin dutsen da nake kiwo aka sami gawarsa, ba dabba ko ɗaya. An ƙone gidaje da yawa. Namu rufin ɗakin Baba ne ya tafi, sauran yana tsaye, garken da muke ɗaure awakin a ciki ma yana nan. Kabarin Mama ba a taɓa ba. Tsofaffi kaɗan sun koma, da rana suke zama, wasu su kwana a coci.

Da ban sayar ba, da ni ne a wurin Kenneth. Na san wannan. Duk da haka ban san da wace fuska zan tari Baba a Abuja ba. Ki riƙe shi a can. Ki ce masa likita ya hana, ki ce komai. Kada ki gaya masa tukuna.

Wanki,
Chollom


Annandale,
9 ga Maris, 2025

Yaya Chollom,

Na gode wa Allah da kuke da rai. Ka gaishe da Olive da yara. Ka yi wa iyalin Kenneth gaisuwa a madadinmu. Abin da ka faɗa a kaina gaskiya ne, na karɓa. Na ga ka daina ba da labarin awaki tun Nuwamba, ban so in san dalili ba.

Ban yi yadda ka ce ba. Na gaji da tsallake masa layi. Lahadin da ta wuce, bayan mun dawo daga coci, na zaunar da shi na karanta masa takardarka daga farko har ƙarshe, har inda ka ce kada in gaya masa.

Ya saurara har na gama. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaran duka suna nan?" Na ce suna nan. Ya ce, "Kenneth wa ya binne shi?" Na ce ban sani ba. Sai ya ce in maimaita masa inda ka yi maganar mahauta. Na maimaita. Ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Bai ci abinci ba ranar, washegari ma shayi kawai ya sha.

Ran Talata ya kira ni ya ce in rubuta maka wannan da bakinsa. Ga shi: "Chollom, ka yi daidai. Ni na ɗora maka abin da bai kamata ba. Ban yi fushi ba, kada ka sunkuyar da kai idan ka gan ni."

Na ɗauka shi ke nan, zai haƙura ya zauna. Na ce to bari in soke tikitin. Ya ce kada in taɓa. Na ce, "Baba, ba awaki, ba rufi a ɗakinka, mutane sun watse." Ya ce ya ji. Na ce to ka zauna Bukuru wurin su Yaya. Ya ce a ɗaki ɗaya da surukarsa? Na yi kuka, na yi faɗa, na kawo Fastonmu na nan ya yi masa magana, na ce masa abin da ya samu Kenneth zai iya samunsa. Ya ce, "Zai iya. A nan ma wani abu yana samuna, ke ce ba kya gida ki gani."

Na ce to idan ka je me za ka yi? Ya ce, "Zan share garken."

Fasfonsa yana hannuna, Yaya. Zan iya ɓoye shi, na ma ɗauke shi na sa a jakar aikina kwana biyu. Jiya na mayar masa.

Jirginsa zai sauka da rana ran 22. Ka zo masa da rigar sanyi da sandarsa idan ba ta ƙone ba. Gwiwar hagu ce mai ciwo, ka sa shi a gaban mota. Zai kwana ɗaya a wurinku ya ga yara, washegari ka kai shi gida. Kada ka yi masa gardama a hanya, na riga na yi duk wadda za a yi.

Ƙanwarka,
Lizzy